DARASI: YADDA SABON MARUBUCI ZAI GYARA LABARINSA

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya iya karanta wasiƙa da rasit. Amma akwai mataki na gaba, wato ya rubuta labari da kansa. Wannan ba aikin 'yan jami'a kaɗai ba ne.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga firamare, aka yi mata aure tana ƙarama. Daga baya ta shiga ajin manya, ta koyi karatu da rubutu. A 1987 ta fitar da littafin Budurwar Zuciya. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka buga fassararsa da Turanci a Indiya a 2012.

Ga shawarwari biyar ga mai son bin wannan hanya.

1. Ya yawaita karatu. Ya nemi Ruwan Bagaja, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1934. Ya lura da yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna wayo, har mai karatu ya ƙagu ya ji wanda zai ci nasara.

2. Ya rubuta abin da ya sani. Mutumin Jangebe ko Bakura ko Maradun ba ya bukatar aron labarin birni. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. A 1980 manoma suka tayar da ƙayar baya kan diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka. Dattawan da suka ga wannan da idonsu suna raguwa. Abin da ba a rubuta ba, ƙasa za ta rufe shi tare da su.

3. Ya sa wa labarin matsala. A sami mutum mai neman wani abu, a sami abin da ya tare masa hanya. Misali, manomin shinkafa ya ci bashin taki, sai ruwa ya yanke kafin girbi. Yaya zai yi da mai bashi? Wannan tambaya ita ke riƙe mai karatu.

4. Ya bar aiki ya bayyana hali. Maimakon ya ce "Tanko matalauci ne," ya ce "Tanko ya zazzage aljihunsa a kasuwar Talata Mafara, bai sami kuɗin gishiri ba." Mutanen labari kuma su yi magana irin ta garinsu. Dattijon Zamfara zai ce "Mi kaka so?" Sauran bayani a yi shi da daidaitacciyar Hausa.

5. Ya yi gyara. In ya gama, ya ajiye labarin mako guda. Sannan ya karanta wa abokansa da babbar murya. Inda suka fara hamma, nan ke son a rage. Ya duba haruffa masu ƙugiya, domin "kasa" daban take da "ƙasa", "bata" kuma daban da "ɓata".

Gargaɗi: kada a sa sunan mutumin gari a cikin ƙagaggen labari. Iyalan 'yan matan makarantar Jangebe da aka sace a Fabrairu 2021, aka sako su a farkon Maris, suna nan da ransu. Mai rubutu kan irin wannan masifa ya canza suna da gari, ya kiyaye mutuncin jama'a. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta.

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya tambayi wani dattijo ko dattijuwa labarin shekara mafi wuya da suka taɓa gani. Ya rubuta shi a shafi ɗaya, ya kai wa malamin aji ya duba.