Burodin Kitso na Kirsimeti: Darasi ga Mai Tunanin Sauya Sana'a

'Yan'uwa, garin Jibiya yana kan hanyar da ta taso daga Katsina ta nufi Maraɗi. A Magama ake tsallaka iyaka a shiga ƙasar Nijar. Gidaje da yawa a ƙauyukanmu da wannan hanya suke ci: masu dako, 'yan acaɓa, 'yan canjin naira da sefa, da mata masu dafa wa direbobi abinci.

Amma mun ga yadda abincin da ya rataya a kan iyaka yake yankewa dare ɗaya. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. A shekarar 2023 ɗin kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. Rashin tsaro ya raba wasu da gonakinsu. Saboda haka da yawa a cikinmu suna tambaya: in ci gaba da wannan aiki, ko in nemi wani?

A wannan darasi za mu koyi gasa burodi mai zaƙi mai kitso don Kirsimeti, mu kuma koyi yadda ake gwada sabuwar sana'a kafin a saki tsohuwa. Irin wannan burodi sananne ne a duniya. Yahudawa suna gasa shi don Asabaci, mutanen Girka kuwa a lokacin Ista. A nan wajenmu an saba da burodin gwangwani na masu shayi, da dogon burodi irin na Faransa da ake sayarwa a Maraɗi. Mai kitso ba shi da yawa, shi ya sa ya dace da gwaji.

Kayan haɗi

Ma'auninmu gwangwanin madara ne ƙarami. Wannan zai ba da burodi 4 matsakaita.

• Fulawa kilo 1, wajen gwangwani 10
• Sukari gwangwani 1
• Yis babban cokali 1
• Gishiri ƙaramin cokali 2
• Bota babban cokali 8
• Ƙwai 3: biyu na kwaɓi, ɗaya na shafawa
• Ruwa ko madara mai ɗumi, gwangwani 2 da rabi zuwa 3
• Riɗi kaɗan, idan ana so

Kada a saka wani garin da ba a san shi ba wai don burodi ya kumbura. Hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin buromet a cikin burodi domin yana da illa ga lafiya.

Yadda ake yi

1. A wanke hannu da sabulu. A tankaɗe fulawa, a zuba sukari da gishiri da yis, a gauraya.
2. A fasa ƙwai biyu, a sa bota, a riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan. Ruwan ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri. Yis abu ne mai rai, ruwan zafi yana kashe shi.
3. A murza kwaɓin da ƙarfi minti 10 zuwa 15, har ya yi laushi ya daina kama hannu. Murzawa ce take sa shi danƙo, ya iya riƙe iskar da yis ke fitarwa.
4. A rufe da ƙyalle mai tsabta a ajiye inda iska ba ta bugawa, har ya ninka girmansa. Yakan ɗauki awa 1, amma a sanyin hunturu na Disamba yana iya kai awa 2.
5. A danne shi iska ta fita. A raba kashi 4, kowane kashi a sake raba shi uku. A mulmula kowanne ya yi tsawo kamar igiya, kaurinsu ɗaya.
6. A haɗa kawunan guda uku a matse. A ɗauko na dama a sa tsakiya, a ɗauko na hagu a sa tsakiya, kamar kitson kalaba. Kada a ja da ƙarfi, domin zai ƙara tashi. A cusa ƙarshen a ƙasa.
7. A bar shi minti 30 zuwa 40, sannan a shafa ƙwai a barbaɗa riɗi.
8. Idan babu tanderu, a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a wuta ta yi zafi. A sa burodin a faranti da aka shafa wa mai, a ɗora bisa duwatsu uku a ciki, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Wutar ƙasa kada ta yi yawa. Cikin minti 30 zuwa 35 zai yi ja. Idan aka ƙwanƙwasa gindinsa ya yi ƙara kamar ganga, ya gasu.

Yayin da kwaɓi yake tashi

Wannan lokacin jira, mu ɗauki takarda da biro. Burodi na cin gida kyauta ce ga iyali. Burodi na sayarwa kuwa lissafi ne. Mu rubuta kuɗin kowane abu: fulawa, sukari, ƙwai, bota, yis, gawayi, leda, da kuɗin mota zuwa kasuwa. Mu ƙara ladan wahalarmu, domin awoyin da muka kashe da mun yi wani aiki da su. Mu raba jimlar gida huɗu. Abin da ya fita shi ne kuɗin burodi ɗaya, tun ba a yi maganar riba ba.

Daga nan sai tambaya ta gaba: wa zai saya a wannan farashi? Yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka farashinta yana bin dala. Burodin da ba a sayar ba kuma bayan kwana biyu ko uku ya bushe. A makon Kirsimeti kowa yana da baƙi, kasuwa takan yi kyau. To, a watan Yuli fa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa? Sana'ar da take ci mako ɗaya a shekara ƙari ce, ba ta riƙe gida.

Hausawa sun ce, ba a sakin reshe a kama ganye. Ga hanyar da muke ba da shawara:

• A fara da kilo 1, ba da buhu ba. A nemi masu saye tun kafin a kwaɓa: mai shayi, masu biki, ƙungiyar mata zumunta.
• A gwada sau huɗu ko biyar, ana rubuta shiga da fita, kafin a yanke shawara.
• Kada a sayar da gona ko akuyar haihuwa don jarin abin da ba a gwada ba. Adashi ya fi bashin ruwa sauƙi.
• A nemi wanda ya daɗe a sana'ar, a koya a hannunsa.
• Miji da mata su zauna su yi shawara tare.

Wannan hanya ba ta burodi kaɗai ba ce. Haka za a auna ɗinki, gyaran babur, kiwon kaji, ko noman rani a kusa da madatsar ruwa ta Jibiya. Idan lissafi ya nuna babu riba, gwajin bai faɗi ba: kilo ɗaya na fulawa ya tsare mana jarinmu, yara kuma sun ci burodi.

Sana'ar hannu ba abin kunya ba ce, ko ga mai takardar makaranta. Manzo Bulus mai ilimi ne, duk da haka a Koranti ya yi aikin ɗinka tanti. Mu kuma lura da kitson nan: silin kwaɓi guda ɗaya ba ya kitsuwa. Gidan da yake da gona, da sana'ar hannu, da ɗan ajiya a ƙungiya, idan aka rufe iyaka zai ji jiki, amma tukunyarsa ba za ta sauka ba.

Tambayoyin tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka ne suka tsaya a ƙauyenmu lokacin da aka rufe iyaka? Waɗanne ne suka ci gaba?
2. Me mutanenmu suke zuwa Jibiya ko Katsina saye, wanda za mu iya yi a gida?
3. Su wa suke da sana'a a ikilisiyarmu da za su iya koya wa matasa biyu kafin Kirsimeti?
4. Idan mutum biyar suka haɗa kuɗin kilo 1 na fulawa, wa zai riƙe littafin lissafi, yaushe kuma za a kawo wa taro sakamako?