Darasi: Ciwon Saifa da Saƙonnin da ke Yawo a Salula

Darasinmu na wannan fitowa a kan saƙonnin cutar dabbobi ne, waɗanda ke shigo mana ta WhatsApp. Kowa ya san abin: kana zaune a kara, salula ta yi ƙara, sai ka ji muryar wani da ba ka sani ba yana rantsuwa wai annoba ta ɓulla, kada a sayi shanun wuri kaza, kada a ci nama. Kafin la'asar saƙon ya tashi daga Ƙonni ya kai Maigatari, kowa ya ƙara masa gishiri.

Mu ɗauki abin da ya faru a 2023. A watan Yuni na shekarar ciwon saifa ya ɓulla a arewa maso gabashin Gana, har mutum ya rasu, hukuma ta hana yanka da zirga-zirgar dabbobi a yankin na wata guda. Gwamnatin Nijeriya ta gargaɗi jama'a game da cin ganda, sannan a watan Yuli aka tabbatar da cutar a wata gona kusa da Suleja. Ga kuma Babbar Sallah ta faɗo ƙarshen Yuni, lokacin da kuɗinmu duk yana kan dabba. To, labarin gaskiya ne, amma da ya shiga salula sai ya rabu biyu. Wasu suka tsorata kamar kowane sa yana ɗauke da ita. Wasu suka ce makirci ne kawai na karya farashi. Na biyun nan sun fi ba ni tsoro, don na farko riba zai rasa, na biyu kuwa ransa yake wasa da shi.

Ga abin da likitocin dabbobi suka tabbatar. Ƙwayar cutar tana kwanciya cikin ƙasa shekaru da dama ba ta mutu ba, dabba ta ɗauke ta wajen kiwo. Sau da yawa ba a ganin jinya: saniya lafiya lau da dare, da safe a tarar da ita ta faɗi, ciki ya kumbura, baƙin jini yana fita ta hanci, baki ko dubura, kuma jinin ba ya daskarewa. Mutum yana kamuwa ne wajen yanka, fiɗa, ɗaukar fata ko cin naman. Yawanci ƙurji ne ke fitowa a hannu ko wuya, tsakiyarsa ya yi baƙi, kuma ba ya cika zafi, shi ya sa ake raina shi. Da wuya mutum ya shafa wa mutum. Tana da magani a asibiti in an je da wuri, dabbobi kuma suna da allurar rigakafi da ake yi kowace shekara.

Nan ne al'adarmu ke cutar da mu. Sa ya fara layi a hanya, sai a ce a yi maza a sa masa wuƙa kada ya zama mushe. In saifa ce, wannan wuƙar ita ke buɗe wa cutar ƙofa: jinin ya zuba ya ɓata ƙasar wurin, mahauci da mai fata su kwasa. Gawar irin wannan ba a farke ta. A kira likitan dabbobi, a ƙone ta ko a binne ta cikin rami mai zurfin kamar mita 2, nesa da rijiya da mashaya.

Saboda haka in saƙo ya zo, kafin ka tura wa wani, nemi sunan garin da ranar da abin ya faru, da kuma wanda ya gani da idonsa. Tsohon saƙo yakan dawo bayan shekara kamar sabo. Wanda kuma ya haɗa da magani, a yi hattara da shi ƙwarai. Ku tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ibola, da aka yaɗa cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Aƙalla mutum 2 suka rasu a Nijeriya saboda gishirin, ba cutar ba.

Kowane bafatake ya ajiye lambar likitan dabbobin kasuwar da yake saye da ta wadda yake kaiwa, gefen nan da gefen can na iyaka, ya kuma riƙe takardar rigakafin garkensa tare da sauran takardun hanya.