DARASI NA 14: MAHARBI DA NAMANSA

A ƙasarmu ta Gobir, daga Gangara zuwa Sabon Birni har Isa, farauta tsohuwar sana'a ce. In kaka ta wuce, an kai hatsi rumbu, sai maharba su nufi daji. A da akan sami barewa da gada da yawa. Yau sai zomo da zabo da gafiya, babban nama kuwa sai an dace. Gonaki sun cinye daji, mu kuma mun yi kisa fiye da kima. Saboda haka abin da ya rage bai kamata mu ɓarnatar da shi ba.

Na farko, kada mu harba sai mun tabbata. Wurin harbi shi ne bayan ƙafar gaba, inda huhu da zuciya suke. Dabbar da aka harba a ciki takan gudu da nisa, ta mutu da wahala, dila da ungulu su ci. Maharbi ya yi hasara, ya kuwa ɗauki alhaki. Mu ambaci sunan Allah sa'ad da za mu saki kibiya ko harsashi.

Na biyu, abin da muka harba mu bi shi. Mu sa alama inda dabbar ta tsaya. Mu ɗan dakata kaɗan, domin in ta ji ba a korarta takan kwanta kusa. Sa'an nan mu bi sawu da ɗigon jini. In mun iske ta da sauran rai, mu yanka nan take. Littafin Risala, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya hana cin abin farautar da ya ɓace wa maharbi har ya kwana, ko da yake waɗansu malamai sun sassauta in an sami kibiyar a makasa. Don haka harbi dab da magariba ba dabara ba ne. Wa ke bin sawu cikin duhu?

Na uku, mu feɗe da wuri. Da bazara, a watan Afrilu, zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Cikin tumbi da hanji akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, zafi kuwa shi ke sa su hayayyafa. Mu fid da kayan ciki a hankali, kada wuƙa ta huda hanji. Mu yanke naman da ke kewaye da ramin kibiya mai dafi, mu tsince dalmar harsashi, mu binne. Mu rataye naman a inuwa ya sha iska, mu kare shi daga ƙuda. Kada mu cusa shi cikin leda da ɗuminsa.

Na huɗu, wanda ba za a ci ran nan ba a yanyana shi, a sa gishiri a shanya, ko a yi banda. Naman da ya yi wari ko ya yi kore a binne shi. Kada a kai shi kasuwa, kada a ce wuta za ta gyara shi. Zawo da amai sun fi naman tsada.

Na biyar, mu ƙyale mai ciki da mai shayarwa, mu bar sa wa daji wuta. A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji. Ta hana kashe waɗansu sam, waɗansu kuwa sai da lasin. A Amurka ma, a jihohi irin su Alaska, wanda ya kashe naman daji ya bar tsokar ta ruɓe, hukuma takan hukunta shi.

Maharbin kirki ba da yawan kisa ake gane shi ba. Ana gane shi da naman da ya kai gida lafiya.

TAMBAYOYI

1. Ina ne wurin harbi?
2. Don me ba a harbi dab da magariba?
3. Rubuta hanya biyu ta adana nama.