Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske Katsinawa ne suka kafa Sabon Zongo na Akra?

Tambaya: Wani direban babbar mota ya faɗa mini cewa a Akra, babban birnin Gana da ke bakin teku, akwai unguwar da Bakatsine ya kafa, kuma har yau Hausa ake yi a cikinta. Shin gaskiya ne? Yaya aka yi ta kafu, kuma wane hali take ciki yanzu? Daga wani mai karatu a Daddara, ƙaramar hukumar Jibiya.

Amsa: Malam, direban nan bai yi maka ƙarya ba. Sunan unguwar Sabon Zongo, kuma tushenta yana komawa ga wani malami mutumin Katsina, Malam Idris Naino, wanda ya sauka Akra da iyalinsa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19.

Abu biyu ne suka ja Hausawa zuwa wannan gaɓa. Na farko goro. Da can fatake a Salaga ta ƙasar Gwanja suke sarinsa su juyo gida da jakuna. Bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, sai ciniki ya fara karkata kudu, ana loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Na biyu aikin soja, domin Turawan sun ɗebi Hausawa a rundunarsu, da yawa kuma da suka ajiye kaki ba su koma gida ba. Da Akra ta zama hedikwatar mulkin Turawan a 1877, sai baƙi suka ƙaru.

Masu ƙasar su ne ƙabilar Ga, waɗanda suka shahara da kamun kifi a teku. A hannunsu Malam Naino ya sami fili a cikin gari a 1881, inda aka yi zango na farko. Ya rasu a 1893. Bayansa wuri ya yi wa jama'a kaɗan, ga kuma jayayya kan limanci da shugabanci tsakanin Hausawa da Yarabawa da sauran Musulmi. Ɗansa Malam Baƙo bai tsaya ana ta ja-in-ja ba. Ya nemi sabon fili daga sarakunan Ga a bayan gari, ƙetaren tafkin Korle, ya tashi da mutanensa wajajen 1910.

A nan ne halin unguwar ya samo asali. Malam Baƙo ya yanka filaye ya raba wa 'ya'yansa da almajiransa da waɗanda suka biyo shi. Aka yi gidaje irin na ƙasar Hausa, zaure a gaba, tsakar gida a ciki, masallaci a kusa. Baƙon da ya sauka ba ya rasa maigida: shi zai ba shi masauki, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan magana ta taso. Amanar da ke tsakanin maigida da baƙo ita ta riƙe unguwar fiye da bulo da kwano. Sarautar zango ma har yanzu tana gidan Malam Baƙo.

Yau birni ya haɗiye Sabon Zongo. Tana maƙwabtaka da Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyaran mota, kuma ba ta da nisa da asibitin Korle Bu wanda aka buɗe a 1923. Mazaunanta sun gauraya, akwai Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da mutanen arewacin Gana, har da Kiristoci 'yan kudu masu haya, amma Hausa ce harshen layi da kasuwa. Da safe za ka tarar da koko da ƙosai, da yamma tsire da fura.

Sai dai unguwar ta sha wuya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Gana ƙarƙashin Busia a 1969 ta raba iyalai da dama da gidajensu. Ga cunkoso: gidan gado ya zama na magada barkatai, kowa ya ƙara ɗakin haya, har tsakar gida da lungu suka tsuke. Akra kuma gari ne mai kwari a bakin teku, idan magudanai suka toshe da shara ruwa ba ya samun hanyar fita. Ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai, ta ci rayuka fiye da ɗari a birnin. A 2017 gwamnati ta kafa asusu na musamman don raya zangogi, amma gyaran wurin da ya riga ya cushe aiki ne mai tsada da jinkiri.

Wannan ya shafe ku kai tsaye, Malam. Daddara tana kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, hanyar da ke ɓullewa Maraɗi, kuma rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa garuruwan bakin titi. Ku karɓe su hannu biyu kamar yadda aka karɓi Malam Naino. Amma masu unguwanni da dagatai su tsaya a fitar da layi da magudanar ruwa da filin makaranta tun kafin a aza tubali, a kuma rubuta takardar kowane fili a gaban shaidu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya.