Amsar Tambaya: Kayan Fada a Wasan Kwaikwayo

Wata tela daga Zango ta ce samarin unguwarsu za su kwaikwayi fadar Sarki Tanimu na Damagaram, kuɗi kuwa kaɗan ne. Me za ta ɗinka?

Malama, kada ki taɓa shadda. Je Kasuwar Dole ki yanko yadi mai araha, ja da kore, na dogarai; da ganin launin nan mutumin Damagaram ya san fada ce. Alkyabbar sarki kam a aro, ɗinkinta ya fi ƙarfin aljihunku.

Ki saki hammata da gindin wando sosai, domin ɗan wasa zai yi jinjina, zai zube gaisuwa, matsattsen ɗinki kuwa gaban jama'a yake ɓarkewa. Sa zariya, bar zif: Tanimu ya rasu tun 1884, lokacin ba a san zif ba, kuma dattawan Birni za su lura.