Darasin Mota: Canza Taya Ɗaya a Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Idan damina ta sauka, hanyoyin karkara sukan lalace. Shi ya sa masu hali da ƙungiyoyin manoma suke son mota mai ja da ƙafa huɗu. Irin wannan mota tana ratsa laka da yashi inda ƙaramar mota za ta kafe. Amma akwai wata ƙa'ida game da tayoyinta wadda mutane da yawa ba su sani ba, sai bayan ta ci musu kuɗi.

Ga yadda abin yake faruwa. Kututture ya yaga taya ɗaya ta gefe. Mai faci ya duba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta gyaruwa." Mai mota ya laluba aljihu, ya sayi sabuwa guda ɗaya, ya bar tsofaffi uku da suka fara suɗewa. Mota ta tashi lafiya lau. Bayan an daɗe ana tafiya a haka, sai a fara jin ƙugi daga ƙarƙashi, ko motar ta riƙa fizga a kwana. Makaniki ya duba ya ce na'urar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya ta lalace. Kuɗin gyaranta kuwa yana iya fin na tayoyi huɗu.

Me ya haɗa taya da wannan na'ura? Amsar tana cikin lissafi.

Zurfin zanen sabuwar taya yakan kai milimita 8. Kullum kwalta tana cin zanen nan, tayar tana raguwa. A ɗauki tayar da aka rubuta wa 225/65 R17 a gefe, irin wadda ake gani a Toyota RAV4 da Honda CR-V da yawa. Idan aka zagaye sabuwarta da igiya, igiyar za ta kai kusan santimita 227. Idan zanen ya cinye da milimita 5, igiyar za ta dawo 224. Ido ba zai ga wannan bambanci ba. To, amma a tafiyar kilomita ɗaya sabuwar taya za ta juya kamar sau 440, tsohuwar kuwa sau 446. Bambancin juyi 6 ke nan. A kilomita 100 ya zama juyi 600.

Manomi zai fi kowa gane wannan. Idan aka ɗaure dogon sa da gajere a garma ɗaya, takunsu ba zai zo daidai ba. Ɗaya yana ja, ɗaya yana turjewa, wuyansu ne zai ji jiki. Haka tayoyin wannan mota suke, domin duk huɗun a haɗe suke da inji ɗaya.

Ita na'urar raba ƙarfi an ƙera ta ne don ta jure bambancin juyi na ɗan lokaci, kamar sa'ad da mota ta sha kwana, ko ƙafa ɗaya ta yi santsi a laka. Da an wuce wurin sai ta huta. Idan kuwa taya ɗaya ta fi sauran girma, babu hutu. Tun daga gida har kasuwa na'urar tana aiki kamar motar tana cikin santsi. Sai ta yi zafi, manta ya lalace, ƙarafanta su cinye.

Ba duk motoci ne wannan matsala ta shafa daidai ba. Subaru tana ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci, kuma kamfanin yana gargaɗin kada bambancin zagayen tayoyi ya wuce kwatan inci, wato kusan milimita 6. Wancan bambanci na santimita 3 ya ninka haka sau biyar. RAV4 da CR-V masu alamar AWD a baya sun fi ja da ƙafafun gaba, amma da kansu suke tura ƙarfi baya idan suka ji santsi, don haka su ma tayoyin da ba su daidaita ba suna ruɗa su. Toyota Hilux dabam take. A kan kwalta ƙafafun baya kaɗai ke ja, sai direba ya ga dama ya sa giyar ƙafa huɗu. Ita ana iya canza mata tayoyi biyu-biyu, na dama da na hagu tare.

To, yaya mai mota zai yi idan taya ɗaya ta mutu? Ya fara da awo. A ba tayoyin iska daidai, a ɗaga mota da jak, a zagaye tsakiyar kowace taya da igiya marar talewa, a sa alama. Idan ukun nan sababbi ne, bambancin bai kai faɗin ƙwayar masara ba, ana iya sayen guda ɗaya, amma ta zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, zane ɗaya da sauran. Idan sun ci rabi, gara a daure a canza huɗun. Tsofaffin da ke da sauran rai ba asara ba ne, ana sayar da su ga mai motar da ke ja da ƙafa biyu. Wanda kuɗinsa bai kai ba zai iya neman taya ta hannu wadda ta cinye daidai da nasa, muddin ba ta da kumburi ko tsagewa. Ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefenta: 2321 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. A Amurka ma akwai shagunan da ke aske sabuwar taya da inji don ta zo daidai da tsofaffi.

Tun kafin a kai ga haka, a riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, don su cinye tare.

Aikin aji: idan bambancin juyi 6 ne a kowace kilomita, juyi nawa zai zama a tafiyar kilomita 250?