Darasi na 18: Hoton Walƙiya

A Parakou da Djougou damina takan fara wajen watan Afirilu ko Mayu, ta kai har Oktoba. Galibi daga gabas hadari yake tasowa. Iska ta kaɗa, gari ya yi duhu, ƴan kasuwar Arzeke su shiga tattara kaya. Sai walƙiya ta haska sama. Kafin ka ƙifta ido ta ɓace.

To, yaya ake ɗaukar hotonta? Hannun mutum ba ya da saurin kama ta. Saboda haka tarko mai hoto yake ɗana mata. Yakan kafa kyamara bisa mariƙi mai ƙafa uku don kada ta motsa. Sai ya buɗe idon kyamarar, ya bar shi a buɗe kamar daƙiƙa 10 ko 20. Idan walƙiya ta wulga a lokacin, ta shiga hoto.

Da dare wannan dabara ba ta da wuya. Da rana kuwa haske ya yi yawa, sai hoton ya fito fari fat. Shi ya sa ake sa wani baƙin gilashi a gaban idon kyamara, kamar tabarau. Amma gilashin bai san na gida ba. Yadda yake rage hasken rana, haka yake rage na walƙiya. Babban layin ya fito, ƙananan rassan su ɓace, alhali kuwa su ne kyan hoton. Gilashi mai launi shi kuma yakan rina walƙiyar, ta koma ja ko shuɗiya.

A shekarar 1882 wani Ba'amurke, William Jennings, ya ɗauki hoton walƙiya a birnin Filadelfiya. Hotunansa sun nuna tana da rassa kamar saiwar itace. A Amurka akwai masu bin hadari da mota don hoto. Aiki ne na manya, mai haɗari.

Yara, idan kun ga walƙiya ku ƙirga. Kowace daƙiƙa 3 kafin ku ji tsawa, nisan kilomita 1 ke nan. Muddin kuna jin tsawa, ku shiga ɗaki. Kada ku fake ƙarƙashin itace.

Kalmomi
walƙiya: l'éclair
tsawa: le tonnerre
hadari: l'orage

Tambayoyi
1. Me ya sa ake barin idon kyamara a buɗe?
2. Me baƙin gilashi yake ɓatarwa a hoto?
3. Ka ƙirga daƙiƙa 9 kafin tsawa. Kilomita nawa ke nan?